Yadda Za Ka Ji Daɗin Wasan Goge da Gitar Lantarki a Kano

Idan aka sa ranar wasan da za a haɗa goge, garaya da algaita da gitar lantarki da gangunan bature, ka je da wuri. Ni nakan yi la'asar a masallacin da ke kusa da wurin, in shiga lokacin da makaɗa ke gwada na'ura. A nan ne za ka ji goge shi kaɗai, tsirkiyarsa ta izgar doki tana kuka a kan ƙoƙon da aka rufe da fatar guza, kafin gita ta taso ta danne shi.

Wurin tsayawa shi ne komai. Zuwana na farko gaban lasifika na tsaya, na koma Gwammaja kunnena yana ƙara har washegari, garaya kuwa ko sau ɗaya ban ji ta ba. Nemi inda mai kula da sauti ya kafa teburinsa, yawanci a tsakiyar fili, ka tsaya kusa da shi, don da abin da kunnensa ke ji a wurin yake daidaita kiɗan. Ka riƙe 'yar auduga a aljihu saboda kunne.

Da an fara, ka zuba wa hammatar mai kalangu ido. Gangunan bature bugu huɗu-huɗu suke tafiya ba sa kaucewa, shi kuwa kalangu magana yake yi: a matse shi murya ta hau, a sassauta ta sauka. Inda nake jira shi ne lokacin da mai gita zai bar nasa ya amsa wa kalangu, kamar ɗan amshi. Ranar da na ga haka tsigar jikina ta tashi, wani dattijo a gefena ya dafa ni ya ce, "Ɗan nan, ka ji abin da ta ce kuwa?" Kafin ranar wasan, ka saurari makaɗan gita Bombino ko Mdou Moctar na Nijar, kunnenka zai saba da gita mai tafiyar Sahara.

Mai algaita ma abin kallo ne, kumatu a cike, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Turawa suna da 'yar'uwar algaita tun zamanin da, kuma ƙungiyar In Extremo ta Jamus tun 1995 take haɗa irin waɗannan da rock, kiɗan Turawa na gitar lantarki da ganguna. Kakaki dai kada ka sa ran ganinsa: na sarauta ne, tarihin Kano ya danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Idan kiɗa ya ratsa ka, kada ka watsa kuɗi, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira. Ka damƙa wa makaɗi a hannu, mai goge musamman, don shi aka fi mantawa da shi.

In hunturu ne ka tafi da rigar sanyi. Sannan ka shirya abin hawan komawa tun da rana, domin bayan ƙarfe 10 na dare adaidaita sahu wuya yake yi. Wayarka kuma ta zauna a aljihun gaba har ka shiga gida.