Yadda za ka daidaita rubutun zaɓuɓɓukan umarni a shafin man

Duk mai haɗa kunshin manhaja na Debian ya san ba kod ne kaɗai aikin ba, akwai shafin man, wato littafin jagorar manhajar, da mutum zai buɗe ya ga yadda ake ba manhajar umarni. To abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ka ga shafi ɗaya, a sama an rubuta --output da kauri, a tsakiya an jirkita shi, can ƙasa kuma an bar shi haka nan zalla, mai karatu ya rasa wanne zai buga yadda yake wanne kuma zai canza.

Ƙa'idar ba wuya wallahi. Duk abin da mutum zai buga harafi da harafi, ka sa shi da kauri. Abin da zai cire ya sa nasa, kamar sunan fayil, ka jirkita shi. A groff, manhajar da ke tsara rubutun shafukan man, .B ke ba da kauri, .I ke jirkitawa, .BI kuma na haɗa su ba tazara, sai ka rubuta .BI \-\-output= fayil ƙarƙashin .TP, umarnin da ke buɗe sakin layi mai take, bayanin ya biyo a layi na gaba. Wanda ba dole ba, ka sa shi cikin baka mai kusurwa [ ], in ɗaya za a ɗauka cikin biyu ka raba su da sanda |, ɗigo uku kuma na nufin ana iya maimaitawa.

Amma inda nake so ka fi natsuwa shi ne karan ɗori. Ka lura na rubuta \- ba - kawai ba, don a wurin groff ba abu ɗaya ba ne, - zalla yana iya fitowa a matsayin wata alama ta Unicode da a ido kamar su ɗaya amma kwamfuta ba ta yarda ba, sai bawan Allah ya kwafo umarnin daga shafinka ya manna a tamina, wato tagar buga umarni, ta ce ba ta san zancen ba, ko ya danna / don neman zaɓin a cikin shafin ya rasa alhali ga shi nan yana kallonsa. Da groff 1.23.0 ya fito a 2023 wannan matsala ta fito fili a tulin shafuka, har sai da aka yi ta muhawara a Debian. Saboda haka kowane karan ɗori na zaɓi, har na tsakiyar irin su \-\-no\-sign, ka sa masa \ a gaba.

In ba da groff kake rubutu ba, da tsarin rubutu na Markdown ne, ka kulle kowane zaɓi cikin alamar ` gaba da baya, ko a tsakiyar jimla ne. Tsarin rubutu na DocBook kuma yana da alamar option don zaɓi, da replaceable don abin da za a canza.

Kafin ka tura, buɗe shi da man -l sunan.1, ka bi shi da mandoc -T lint don ya nuna maka kurakurai, sannan ka kwafi misalan ɗaya bayan ɗaya daga allon ka manna a tamina ka ga ko sun tashi.