Darasi: Zaɓen Hular Walda Mai Yin Duhu da Kanta

Duk mai walda ya san ciwon idon nan da ke tashi cikin dare, kamar an watsa wa mutum yashi. Hasken walda ne ya ƙona idon. Da garkuwar hannu, sai ka leƙa ka ga inda za ka ɗora sanda, kafin ka rufe fuska wuta ta kama. Hula mai yin duhu da kanta ta raba ka da wannan leƙen, kuma hannunka biyu suna kan aiki.

Fara duba lambar duhu, wato lambar da ke nuna yawan duhun gilashin hular. Kafin walda, gilashin yana kan lamba 3 ko 4, kana ganin ƙarfenka sarai. Da wuta ta kama sai ya yi duhu nan take. Nemi hular da ake murɗawa daga 9 zuwa 13, domin yawan wuta shi ke sa a ƙara lamba. A waldar sanda, lamba 10 ta dace da amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) 60 zuwa 160. Daga nan zuwa 250, koma 12.

A gaban hular akwai ƙananan idanu masu gano haske, biyu ko huɗu. Idan a kan tebur kake aiki, biyu sun isa. Amma mai shiga ƙarƙashin mota ko lungun bututu ya nemi huɗu, don ƙarfe kan tare ido ɗaya, gilashi ya waye ana tsakar walda.

Kada zanen jikin hula ya ruɗe ka. Juya ta, ka nemi hatimin EN 379 ko ANSI Z87.1, alamar cewa ta cika ƙa'idar kare ido. Tambayi mai sayarwa ko ana canza batirinta, ko ana samun ledar gaba mai tare tartsatsi. Wannan ledar ita ke fara lalacewa.

Sa ta a kai, ka sunkuya. In ta zame ko ta ja maka wuya, ajiye ta.

Hula da yawa suna da maɓallin da ake kunnawa lokacin gurza ƙarfe, wanda ke hana gilashi yin duhu. Nan ake yawan mantuwa. Kullum kafin ka kama sanda, duba maɓallin ka tabbatar a kashe yake, sannan ka ƙyasta ƙyastu a gaban idanun hular, ka ga ta yi duhu.