Riƙe kira a Legas: a tsare safiya, a rage kaya

'Yan'uwa cikin Almasihu, abin da ke cinye kiran da Allah ya yi wa mutum a garin nan gosulo ne da gajiya. Wanda ya bar Agege ƙarfe 5 na asuba ya dawo 9 na dare, in ya ce sai a kan gado zai yi addu'a, barci ne zai ce amin.

A mai da lokacin addu'a da karatu zuwa safe, minti 15 kafin a taɓa waya. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne: sura 3 kullum, 5 ranar Lahadi, shekara guda an gama shi. In kwana biyu sun wuce, kada a ce sai an rama duka. A nan yawanci ake yar da abin. A ɗora daga inda aka tsaya.

Hidima ɗaya a ikilisiya ta isa, mawaƙa ko makarantar Lahadi. Mai riƙe uku da wuya ya kai Ista. A samu dattijo, ko uwa a zumuntar mata, mai tambayar mutum gaskiya duk wata, har maganar kuɗi. In an sauya unguwa, a nemi majami'a ta kusa cikin mako biyu.