Yadda zaka binciki makarantar sakandare ta kudi mai share fagen shiga jami'a a biranen Amurka

Duk makarantar da ka shiga shafinta zaka ga tana yabon kanta, to kar hotunan gine-gine su rude ka. Fara da tarihi, waye ya kafa ta kuma a wace shekara. Misali Trinity a New York tun 1709 take, cocin Angilika ce tushenta, amma dadewa kadai bata nuna inganci, abin da zaka duba shine yadda ta canza, yaushe ta fara daukar mata, yaushe ta bude kofa ga bakaken fata.

Daga nan nemi takardar bayanin da makarantar ke turawa jami'o'i duk shekara tare da sakamakon dalibanta, yawanci tana shafinsu bangaren masu ba da shawarar shiga jami'a. Nan gaskiyar take wallahi, yawan dalibai, darussa, yadda suke ba da maki da jami'o'in da yaransu suka samu shiga.

Batun kudi kuwa, yawancinsu ba na neman riba bane, hukumar amintattu ke rike dasu, saboda haka da dama suna cika fom 990 na hukumar haraji ta IRS, wato rahoton kudin da suka samu da wanda suka kashe a shekara, kuma kowa na iya dubawa a intanet, har albashin shugaban makarantar zaka gani.

Ka tabbatar wata hukuma ta tantance ingancin makarantar, ka tambaya ko suna bukatar jarabawar SSAT ko ISEE, wato jarabawar neman shiga makarantun kudi. In daga waje yaron zai zo, dole makarantar ta iya ba da fom I-20, takardar shaidar cewa ta dauki dalibin, kafin a nemi bizar dalibai ta F-1, kuma yawancin na cikin gari jeka-ka-dawo ne, masauki na wuyanka.