Kurakuran da masu tace bidiyo ke tafkawa wajen sayen had-dis

Yaro zai tara kuɗi ya sayi kyamara mai kyau da kwamfuta mai ƙarfi, sannan da ɗan canjin da ya rage ya ɗauko had-dis mafi araha da ya gani a shago, wato na'urar da ake adana fayil a cikinta. A cikinsa zai zuba bikin mutane da talla da wa'azi, aikin wata guda cur. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga masu shigowa da kwamfuta a hammata suna cewa "Oga, ya ƙi buɗewa", shi ya sa na ga gara in rubuta.

Yawancinku girma kaɗai kuke tambaya, terabait nawa ne, ba ruwanku da gudu. Had-dis iri biyu ne. Akwai HDD mai faifai da ke juyawa a ciki, akwai SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙaramin HDD na aljihu yakan juya sau 5,400 a minti, kuma abin da yake karantawa bai cika wuce MB 100 zuwa 130 a daƙiƙa ba. SSD irin Samsung T7 yana kaiwa wajen MB 1,000. Bidiyo guda ɗaya ba ya gagarar HDD, ko da 4K ne, wato mai tsananin kyan hoto da nauyi. Matsalar tana farawa ne idan ka jera bidiyon kyamara uku da sauti, kana ja gaba kana ja baya, allurar da ke karanta faifan tana ta tsalle daga nan zuwa can. Sai hoto ya riƙa tsayawa, kai kuma ka ɗora wa kwamfuta laifi, ka je ka ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, a banza. Ni aikin da ke hannuna a kan SSD yake zama, ranar da na miƙa shi ya koma HDD. Idan kuɗin SSD bai samu ba tukuna, yi furoksi, wato ƙananan kwafin bidiyon masu sauƙin nauyi, ka ajiye su a cikin kwamfutar. Manhajojin tace bidiyo irin Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna yi.

Kebul ma yana cin mutane. Da yawa daga kebul ɗin cajin waya masu bakin USB-C gudun USB 2.0 gare su, wanda da ƙyar yake kai MB 40 a daƙiƙa, ko wane irin SSD ka jona masa. Riƙe kebul ɗin da ya zo a kwali, ka gwada gudun da manhajar CrystalDiskMark ko Blackmagic Disk Speed Test.

Lissafin wuri ba shi da wuya. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa (megabit takwas ne MB ɗaya) tana cin GB 45 a awa. Haɗa kamu da ɗaurin aure da dina, da kyamara biyu, ka ga inda ka kwana. Kuma had-dis ɗin da aka rubuta wa 1TB, wato terabait ɗaya, GB 931 Windows za ta nuna maka. Ba cutarka aka yi ba, bambancin ƙidaya ne.

Cutar gaske tana wani wurin, kuma ita ce ta taɓa cin min kuɗi. Wani mai ɗaukar hoto da muke haɗa aiki ya kawo min tallar wani shago a kan SSD ɗan mitsitsi mai sheƙi, an rubuta masa 2TB, yana ta murna ya samo shi a kuɗin da ko rabin na gaske bai kai ba. Na jona, ga sunayen fayil ɗin reras, ga girman kowanne daidai. Na farkon suka buɗe. Daga tsakiya zuwa ƙarshe babu wanda ya buɗe, kuma ya riga ya goge katunan kyamara. Da muka fasa murfin, ɗan katin memori ne a ciki an manne shi da gam, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. An shirya shi ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya a kan girmansa, to da zarar ɗan wurin da yake da shi ya cika, duk abin da ka ƙara kamar zuba ruwa ne a kwando. Da kuɗin aljihunmu muka sake ɗaukar tallar, hayar fitila da sallamar 'yan wasa da komai.

Don Allah ku riƙa amfani da hankali. Wa zai sayar maka da terabait biyu a kuɗin filashi? Araha ba ta ado. Duk had-dis ɗin da ya shigo shagona, kafin a sa masa aikin kowa, sai manhajar gwaji ta H2testw ta cika shi fal ta sake karantawa. Takan kwana tana yi, to ta kwana. Sannan in buɗe manhajar CrystalDiskInfo in duba awa nawa ya taɓa yi a kunne, domin akwai masu cire tsohon faifai daga matacciyar laftof su sa masa sabon gida su ce maka sabo ne dal. Sabon abu ba ya zuwa da dubban awanni a kansa. Ka yi wannan sharaɗin da mai shago tun kafin ka biya, idan ya fara kame-kame ka kama gabanka.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne kwafi ɗaya. Talla ana sake ɗauka, ɗaurin aure fa? Wani yarona ya dawo daga biki ya zuba komai a had-dis guda, ya yi wa katunan fomat, wato ya goge su tas, don akwai wani aikin da safe. Had-dis na gaske ne, mai suna, ba jabu ba. Yana cikin aiki a gefen tebur wani ya wuce ƙafarsa ta ja kebul. Faɗuwar ba ta kai mita ɗaya ba. Muka sake jonawa, sai ƙas, ƙas, ƙas, shiru. Na ce masa ina ɗayan kwafin? Ya ce, "Oga, ai na kwafa a nan." Ni na je gidan da ƙafata na zauna a gaban uwar amarya ina cewa "Hajiya, a yi haƙuri", ita kuwa tambaya ɗaya take maimaitawa, ko wurin da kakar yarinyar ke sa mata albarka ya tsira. Bai tsira ba. Na mayar da kuɗi, kuma duk dangin nan babu wanda ya sake kirana.

To ku ji da kyau. Abin da ke wuri ɗaya ba a ajiye yake ba, komai tsadar wurin. Masana suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Ni dai ƙa'idata ita ce ba a goge kati sai aikin ya shiga had-dis biyu, na buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe na gani da idona, ɗayan kuma ya bi ni gida a jaka. Idan kuɗinka na babban guda ɗaya ne, sayi matsakaita biyu. Kuma kada ka raba had-dis ɗaya gida biyu ka ce ka yi kwafi biyu. Ranar da ya faɗi tare za su tafi.

Sauran ƙanana ne, sai dai su ma suna ɓata rana. Akwai tsarin da ake yi wa had-dis na jera fayil, wato FAT32 da NTFS da exFAT; FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4. NTFS kuwa Mac karantawa kawai take yi, ba ta rubutawa. Idan kana yawo tsakanin Windows da Mac exFAT ne mafita, amma ba ya jure fizgar kebul, sai ka sallami had-dis daga kwamfuta kafin ka zare. Manyan nan na tebur masu inci 3.5 da wutar bango suke aiki, ana ɗauke wuta suna tsakiyar rubutu fayil ya lalace, don haka ban yarda a kunna su ba UPS ba, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, musamman lokacin sauyawa zuwa janareto. Kada ka cika shi maƙil, ni da ya wuce kashi 80 cikin ɗari nake fara kwashewa. Kada ka bar shi a mota da rana tsaka a watan Afrilu. SSD kuma ba na jefawa a durowa shekara da shekaru ba ne ba tare da an kunna ba, tsohon aiki HDD ya fi dacewa da shi.

Ranar da ka ji yana ƙas-ƙas, kashe shi nan take, don kowace kunnawa tana iya ƙara karce faifan. Idan Windows ta ce sai an yi masa fomat kafin ya buɗe, kada ka danna, sau da yawa fayil ɗin suna nan ana iya ciro su. Kuma kada ka miƙa shi ga mai gyaran waya ya kwance murfin faifan a kan teburinsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa abin da ya rage.