Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tayar taɓo a Damagaram, da yadda za a gyara su

Duk shekara idan hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni, za ka ga masu Hilux da Land Cruiser a Damagaram sun doshi rumfunan masu sayar da taya, kowa yana tambayar mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa M/T a gefe, wato tayar taɓo. Ba na ganin laifinsu, domin duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a fadamun Korama cikin watan Agusta, da kaya a baya, rana tana shirin faɗuwa, ba zai so ya sake shiga wannan hali ba. Sai dai motar da ake saya wa tayar ita ce za ta yi sauran watannin shekara tana kai da komo tsakanin Birni da Zango da Kasuwar Dole, ita ce za ta hau kwalta zuwa Maraɗi ko Gure cikin zafin Afrilu, kuma ita ce za ta ratsa rairayin arewacin Tanut.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne mutum ya sayi taya saboda rana ɗaya da ya sha wahala, ya manta da hanyar da yake bi kullum. Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne. Akwai H/T, mai ƙananan zane, wadda aka yi domin kwalta. Akwai A/T, mai matsakaitan haƙora, wadda ke iya kwalta da burji da rairayi da taɓon da bai yi zurfi ba. Sannan ga M/T, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu, wanda amfaninsa shi ne idan taya ta juya ta watsar da lakar da ta maƙale, haƙoran su sake samun abin kamawa. Gyaran wannan kuskure bai wuce mutum ya zauna ya lissafa tafiye-tafiyensa na shekara ba. Wanda ke ɗauko rake da kayan lambu daga ƙauyukan Matamaye da Magarya, ko direban motar ɗaukar marasa lafiya da dole ya shiga ƙauye ko ana ruwa ko ba a yi, wannan yana da hujjar sayen M/T. Amma wanda mafi yawan tafiyarsa cikin gari ce da babbar hanya, sai jefi-jefi ya leƙa gona, a ganina A/T mai ƙarfin gefe ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa tayar da ta iya taɓo dole ta iya rairayi, alhali aikin da ake so taya ta yi a wuraren nan biyu ya saɓa. A cikin taɓo ana so haƙora su tona laka har su tarar da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. A cikin rairayi kuwa sau da yawa babu wata ƙasa mai tauri da za a tarar, saboda haka ana so taya ta shimfiɗu a sama kamar tafin raƙumi, ta danne yashin ba tare da ta tone shi ba. Idan direba ya ji mota ta fara nauyi ya ƙara taka wuta, manyan haƙoran nan sai su koma kamar shebur, cikin ƙanƙanin lokaci su haƙa rami huɗu har cikin motar ya zauna a ƙasa. Na taɓa raka wani yayana zuwa wani ƙauye a arewacin Gure, ya sa sababbin tayoyin taɓo an cika su da iska tam, muka kafe a wani tudun rairayi da motocin kasuwa masu suɗaɗɗun tayoyi suke haurawa kullum. Wani dattijon direba da ya tsaya taimakonmu ya dubi tayoyin ya ce, “Alhaji, motarka lafiyarta lau, iska ce ta yi yawa.” Yayana ya ce, “To Baba, yaya za mu yi?” Ya sa muka rage iskar kowace taya, muka kwashe yashin da ya taru a gabansu, motar ta fita a hankali ba tare da an tura ba.

Abin da dattijon ya yi yana da bayani. Idan aka rage iska, ɓangaren tayar da ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu a wuri mai faɗi. A rairayi mai laushi direbobi sukan sauko da iska zuwa tsakanin bar 1 da bar 1.5, abin da masu faci ke kira kilo ɗaya zuwa kilo ɗaya da rabi, gwargwadon nauyin kayan da ke baya. Amma da sharaɗi: ba a gudu, kuma ba a karya sitiyari da ƙarfi, domin tayar da ba ta da iska sosai tana iya zamewa daga ƙarfenta, wato janti. Ko a taɓo ma rage iska kaɗan yana taimakawa. Tayar A/T da aka daidaita wa iska tana wuce wuraren da M/T mai iska tam take kafewa, kuma da masu mota sun riƙe wannan da sun rage asarar kuɗi mai yawa.

Daga nan sai wani kuskuren da ya fi kafewa haɗari, wato a fito daga rairayi a hau kwalta ba a mayar da iskar ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a gefe duk juyi ɗaya, lanƙwasar tana haifar da zafi, ga kuma kwaltar bazara a lokacin da zafin gari ya haura digiri 40. Zafin yana raba roba da wayoyin da ke ciki, sai taya ta fashe ana tsakiyar gudu. Maganinsa shi ne kowace mota mai shiga daji ta kasance da ma'aunin iska da ɗan injin hura iska mai aiki da batir, ko aƙalla famfon ƙafa. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne, musamman ga tayar taɓo mai kaurin gefe, wadda za ta iya rasa iska mai yawa amma ido ya gan ta tsaye. A riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya, kuma kada a rage iska don an ga ta hau bayan doguwar tafiya, domin zafi ne ya ɗaga ta, idan ta huce za ta koma. Lambar iskar da aka rubuta a gefen taya ita ce iyakar iskar da za ta iya ɗauka. Wadda ta dace da motar tana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma galibi akwai ta mota wayam da ta mota da kaya.

A kan kwalta tayar taɓo tana da nata farashin da ba a faɗa wa mai saye. Tana da nauyi, tana da ƙugi wanda ke ƙaruwa idan ta fara cinyewa, kuma tana sa mota ta ƙara shan gazuwal, abin da mai zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, zai gani a aljihunsa. Mafi muhimmanci shi ne birki. Robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce saboda ramukan da ke tsakanin haƙora, kuma yawancin tayoyin taɓo ba su da wadatattun ƙananan tsagogin nan da ke taimaka wa taya ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Ruwan farko na damina, wanda ke haɗuwa da ƙura da man da ya ɗiga a titi, shi ya fi santsi, kuma Hilux da babu kaya a bayanta tana saurin wutsiya. Wanda ya sa M/T ya rage gudu idan ana ruwa, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba, balle a cikin gari inda babura da amalanke ke iya fitowa ta ko'ina.

Sai batun girma. Matasa da yawa suna son taya mai tsayi da faɗi domin mota ta yi kwarjini, kuma gaskiya ne cewa tsayin yana ɗaga cikin mota daga ƙasa. Amma a duba lissafi. A lambar 265/70R16, 265 faɗin taya ne da milimita, 70 tsayin gefe ne a matsayin kashi 70 cikin 100 na faɗin, 16 kuma girman janti ne da inci. Tsayin wannan taya gaba ɗaya kusan milimita 777 ne. Idan aka musanya ta da 285/75R16, tsayin ya koma kusan milimita 834, ƙarin da ya haura kashi 7 cikin 100. Ma'anarsa ita ce idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana yin wajen 107, inji yana shan wahala wajen tashi da kaya, kuloci yana saurin ƙonewa, birki yana ƙara nisa, kuma taya tana iya gugar jikin mota idan an karya sitiyari ko an faɗa rami. Tsofaffin Land Cruiser na aikin daji an daɗe ana sa musu siririyar taya mai tsayi, 7.50R16, kuma da ita suke ratsa hamada. Wanda ya nace sai ya ƙara girma, ya tsaya a mataki ɗaya sama da na asali, ya sa makanike ya gwada juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu da kaya a mota.

Akwai wata lamba da kusan ba mai dubawa, alhali a wurinmu da ake lodin buhunan gero da wake har sama ta fi zane muhimmanci. Bayan lambar girma za a ga wani abu kamar 112S ko 121Q. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 112 kilo 1,120 ne, 121 kuma kilo 1,450. Harafin yana nuna iyakar gudu: Q kilomita 160 a awa, S kuma 180. Kada a sayi tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda kamfanin motar ya rubuta. Tayar da aka rubuta wa LT an yi ta ne domin motocin kaya, gefenta ya fi jure ƙayar aduwa da kututture da duwatsu masu kaifi, sai dai tana buƙatar iska fiye da tayar ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, kuma ta fi tauri a jiki.

Ba kowa ke da halin sabuwar taya ba, shi ya sa kasuwar tayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai take ci. A nan ma ana yawan ruɗewa. Mutum zai ga an rubuta M+S a gefe, a ce masa ai tayar taɓo ce, alhali wannan alama ana sa ta a tayoyi iri-iri, har da waɗanda aka yi domin lokacin sanyin Turai. Idan aka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, kuma zanen cike yake da ƙananan tsagogi birjik, to akwai yiwuwar tayar hunturu ce mai laushin roba, wadda kwaltar Damagaram za ta cinye da wuri. A kuma nemi shekarar da aka yi ta. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa bincika taya duk shekara idan ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauke ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai ƙare ba, kuma rana irin tamu tana busar da roba da sauri. A lanƙwasa gefen a duba ko ya tsattsage, a leƙa ciki a ga ko an taɓa yi mata faci a gefe, domin facin gefe ba abin dogaro ba ne a mota mai ɗaukar kaya.

Wasu idan kuɗi bai kai ba sai su sayi M/T biyu su sa a baya, su bar tsofaffi na wani iri a gaba. A motar da ke ja da ƙafa huɗu wannan yana da illa, saboda idan tsayin tayoyin gaba da na baya ya bambanta, ƙarafan da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya suna shiga matsi duk lokacin da aka sa giyar daji, wato giyar ƙafa huɗu, kuma gaba da baya ba za su kama ƙasa iri ɗaya ba idan an taka birki. Gara a jira a haɗa kuɗin huɗu iri ɗaya, girma ɗaya. Tayar safaya ma ta zama girmansu, domin wanda ya ƙara girman huɗu ya bar ta biyar ƙarama, ranar da ya yi faci a hanyar Agadas zai gane bai da safaya. Haka kuma a irin Hilux da Land Cruiser na kaya, da zarar an hau busasshiyar kwalta a cire giyar ƙafa huɗu.

Bayan an saya, tayar taɓo tana son kulawa fiye da sauran. Haƙoranta suna cinyewa a karkace, wani ya fi wani tsayi, sai ƙugi ya ƙaru sitiyari ya fara rawa. A riƙa sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a duba saitin ƙafafu da shokazoba bayan damina, kuma idan akwai kibiya a gefen taya a tabbata tana kallon inda taya ke juyawa. Idan an fito daga laka a wanke cikin janti, domin lakar da ta bushe a gefe ɗaya tana sa taya girgiza a kan gudu. Alamar da ke cikin ramin zane tana nuna iyakar cinyewar zanen, wato lokacin da zurfinsa ya koma milimita 1.6, amma tayar taɓo tana rasa yawan amfaninta a laka tun haƙoran suna wajen rabi, don haka mai shirin shiga ƙauyukan kudu da damina ya auna zurfinsu tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka.