Kafin ka sa rai da maganin cika huhu da ruwa

Aikin jinya nake yi a ɗakin marasa lafiyar da ke kan injin numfashi. Wani dare ɗan wani dattijo da nimoniya ta kayar ya tare ni, idanunsa jawur, ya miƙo mini wayarsa: "Sista, don Allah duba. An ce akwai ruwan da ake cika huhu da shi ya wanke cutar. A yi wa Baba mana."

Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka.

Fara da sanin ruwan. Sinadari ne da ake kira faflorokabon, garau kamar ruwan sha, amma ya kusa ninka shi nauyi, kuma yana riƙe oksijin da yawa. A 1966 masu bincike Leland Clark da Frank Gollan suka nutsar da ɓeraye a cikinsa a Amurka, ɓerayen suka ci gaba da numfashi, aka tsamo su da rai.

Dabarar tana burge ni har yau. Saboda nauyinsa yakan gangara can ƙasan huhu inda ya toshe, ya buɗe 'yan jakunkunan iska, ya taso da majina da mugunya sama don ba ya gauraya da su, sai a zuƙe da bututu. Ni da nake zuƙe kaki mai kauri kullum, na san inda bututuna ba ya kaiwa. Masu bincike a Jami'ar Mishigan sun cakuɗa shi da maganin tobramycin don ya cim ma bakteriyar Pseudomonas, mai ɓuya cikin yauƙi. Wannan aikin ɗakin gwaji ne da dabbobi.

Don haka duk labarin da ka gani, tambaya ta farko: a jikin wa aka gwada? A 1996 an ba da rahoton jarirai bakwaini 13 da aka zuba wa ruwan suna kan inji, numfashin da yawansu ya gyaru. Amma a 2006 sakamakon gwajin manya 311 masu mummunan ciwon huhu ya fito: waɗanda aka zuba wa sun fi daɗewa a kan inji, an fi samun hujewar huhu da faɗuwar jini a cikinsu. Shi ya sa ba ka ganinsa a asibiti.

Sai ka kai tambayoyinka wurin likita. An ɗebi kakin mara lafiyarka an gano wace bakteriya ce? Maganin da yake kai yana kashe ta? Za a kwantar da shi rub da ciki? Wannan kwanciyar tana buɗe bayan huhu, kuma an tabbatar tana ceton rai idan ciwon ya tsananta.

Yaron ya rubuta tambayoyin uku a bayan takardar magani, ya zauna bakin ƙofa yana jiran likitan safe.